Kunyar 'Yar Fari Ta Ci Wa 'Yata Shekara Guda

Edita, a shekarun da ake ta haƙar ƙasa a Doha don shimfiɗa hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ni nas ce a sashen yara na wani asibiti, kuma duk wanda ya yi aiki da ni zai shaida maka bakina ba ya mutuwa. In likita ya yi jinkirin zuwa duba yaro, ni ce mai bin sa har ofis. In uwa ta kasa yin bayani don ba ta jin Larabci ko Turanci, ni ce mai tsayawa a kanta ina yi da hannu ina yi da baki har a fahimce ta. Abokan aikina suna tsokanata wai lauya aka ɗauko aka sa wa farin kaya, ni kuwa kaina ya yi ta kumbura. Mijina ma'aikacin lantarki ne a gine-ginen Lusail, ya fita da asuba ya dawo bayan magariba, ƙura har cikin gira. Muna zaune a wani ɗan gida a saman bene a Al Mirqab, mu da ƙaramin ɗanmu da na haifa a can. Abin da ko ɗaya cikin abokan aikin nan bai sani ba shi ne ina da wata 'ya a Najeriya, 'yar fari, wadda tun ranar da aka raɗa mata suna ban taɓa ɗora sunan a kan harshena ba.

A gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ni ma 'yar fari ce, kuma har yau da nake rubutun nan mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ke, ko waccan. Ban taɓa jin haushin haka ba, don na tashi a gida cike da kakanni da goggonni masu rige-rigen ɗaukata. Shi ya sa da na yaye tawa, uwar mijina ta zo ta goya ta ta tafi da ita, ni ko rakiya zuwa zaure ban yi ba, mata suna ta yaba kawaicina. Da muka koma Doha, in na kira surukata a waya sai in tambayi jikinta, in tambayi awaki da damina, in yi shiru. Ita da kanta za ta ƙara da cewa mutuniyar tana nan lafiya, miskila ce dai, ba ta son hayaniya, aikinta ke nan jera takalman mutane a bakin ƙofa. Wallahi ina so in tambaya ko ta fara magana sosai, amma yaya za a yi in buɗe baki in tambayi suruka labarin 'yar fari? Sai in ce to madalla, in kashe waya, in wuni zuciyata ba daɗi.

Yarinyar ta isa shiga firamare sa'ad da Allah Ya yi wa kakarta rasuwa. 'Yan uwan mijina kowacce da nata tarin yaran, sai muka yi mata takardu muka ɗauko ta. Tun a makon farko na ga abin da na gani. Ba ta kallon mutum a ido. In injin fasa ƙasa ya tashi a ginin da ke bayanmu, sai ta toshe kunnuwa ta durƙusa tana jijjiga jiki har ya yi shiru, kuma a Doha ta lokacin ba ya yin shiru. Abincinta farar shinkafa, ita ma in ta taɓa miya an gama. Magana kuwa ba tata take yi ba, ta kakarta ce take maimaitawa, da muryar tsohuwar da komai: a rufe randa, a kori kaji, wa ya bar tsintsiya a hanya. Ni da nake ganin irin waɗannan yara a asibiti na san sunan abin, likitoci otizim suke ce masa. Na sani sarai, amma na ce wa kaina rashin kakarta ne, za ta ware.

Ba ta daɗe a makaranta ba shugabar ta kira ni. Ta yi mini magana cikin mutunci, ta ce yarinyar ba ta iya zama a aji, ƙararrawar tashi tana firgita ta, in an kira ta ba ta waiwayowa. Ta ce akwai kwamitin hukuma da ke duba yara masu buƙata ta musamman, su ne za su gan ta, su ji ta bakin iyaye, sannan su rubuta tsarin tallafin da za a bi da ita: malamar da za ta riƙa zama kusa da ita, mai koya mata magana, da ɗakin da za ta huta in hayaniya ta yi mata yawa. Ta faɗa mini ƙarara cewa in babu wannan tsari, ba za su iya riƙe ta ba bayan zangon nan. Da na gaya wa mijina sai ya sunkuyar da kai, shi ma fa uban 'yar fari ne. Ya ce ba za a ba shi hutu a wurin aiki ba, amma zai roƙi Kawu ya kai mu. Kawu ƙanin mahaifiyarsa ne, dattijo, ya daɗe yana tuƙi a gidan wani kafil, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a Doha, Larabci a bakinsa kamar ruwa. Shi ne babbanmu a ƙasar, a gabansa ko ruwa ba na iya sha. Na ji gabana ya faɗi, amma ban ce a'a ba.

Ranar zaman, mutum uku muka tarar a bayan teburi, mata biyu da namiji ɗaya, ga fara'a, har da alewa suka miƙa wa yarinyar. Kawu ya zauna a gefena ya gyara babbar riga. Ni da nake jin Turanci fiye da shi, ni da Larabcin asibiti ya zauna mini, sai na zama kurma. Suka tambayi yadda take a gida, na ce lafiya lau. Suka tambayi barcinta da cin abincinta, na ce alhamdu lillahi. Suka tambayi abin da ke kwantar mata da hankali in ta rikice. Na san amsar kamar yadda na san tafin hannuna: tsohon mayafin kakarta ne, in an lulluɓa mata shi a ka sai ta yi lamo. Amma faɗin haka a gaban Kawu tamkar shela ce cewa na zauna ina lura da 'yar fari, ina nazarin numfashinta. Na ce ban sani ba, a tambayi malamarta. Yarinyar ta zo ta jingina da cinyata, na sa hannu na ture ta a hankali, kamar yadda aka yi mini, kamar yadda na ga ana yi. Kawu kuwa, da kyakkyawar niyya ta rufin asirin zuri'a, ya gyara murya ya yi musu bayani da Larabci mai daɗi cewa yarinya ƙalau take, kakarta ce ta rasu, ga baƙunta, kuma duk danginsu haka suke da shiru-shiru tun suna ƙanana. Ɗaya daga cikin matan ta dube ni ta tambaya ko na yarda da abin da ya faɗa. Na ɗaga kai alamar e. Ita yarinyar a ranar kamar ta san ana kallonta, ta zauna shiru tana jera alewar a gefen teburi.

Sakamako ya fito yadda kowa zai zata. Sun ce bisa bayanin iyali, alamun sun fi kama da na jimami da sauyin wuri, a ba ta lokaci, a sake dubawa shekara mai zuwa. Ba su yi mana ƙarya ba, abin da muka kai musu shi suka dawo mana da shi. Zango ya ƙare, makaranta ta ba mu haƙuri. Na zaga wasu makarantun, kowacce in ta ga yarinyar sai ta nemi tsarin tallafi, ni kuma ba ni da shi. Haka 'yata ta koma zaman ɗaki, ƙaninta yana tafiya makarantar rainon yara da 'yar jakarsa, ita tana tsaye a taga tana kallon motocin ɗaukar 'yan makaranta.

Wannan shekarar ban san inda na sa kaina ba. Na yi ta musayar duti da abokan aiki, yau safe gobe yamma, don kada a bar ta ita kaɗai. In ina asibiti hankalina yana gida, in ina gida ina leƙa agogo. Wata maƙwabciyarmu 'yar Sudan tana taimaka mini da ita, amma ranar da yarinyar ta yi ta buga kanta da bango saboda ƙarar injin, matar ta ce mini gaskiya tana tsoro. 'Yan kalmomin da ta fara tsinta a makaranta suka zube ɗaya bayan ɗaya. Na rame, na zama mai faɗa, abu kaɗan in hau ƙaramin da masifa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a wurin aiki ina nan yadda nake. Wata rana na tsaya ina ɗaga wa wani likita murya a kan ɗan wata mata da ban taɓa gani ba, ina cikin yi sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi, na shiga banɗaki na kulle na yi kuka mai isata.

Sai ga ranar da ta fita. Tsakiyar zafi ne, irin wanda ko tsuntsu ba ya yawo. Na dawo daga aiki da azahar, na ce bari in ɗan miƙe bayana, barci ya sace ni. Da na farka ƙofa a buɗe, takalmanmu a jere reras a bakin matakala, nata ma suna ciki. Na sauka ba mayafi, ina gudu ina leƙa tsakanin motoci, kuma Edita ka ji abin kunya na gaske: ina neman 'yata a titi amma na kasa ƙwala mata kira, ke kawai nake cewa, ke, kamar mai korar akuya. Wani maigadi ɗan Sakkwato da ke tsaron wani bene a tsallaken titi ne ya ɗago mini hannu. Ya same ta a jikin shingen gini, ta toshe kunnuwa ta ƙame, ya ɗauke ta ya sa a inuwa. Kwalta ta ƙone mata tafin ƙafa duka biyu. Ni na wanke, ni na ɗaure da hannuna, ba ta yi ko uhum ba. Da mijina ya dawo ya ga ƙafafun, sai ya ce khalas, wato magana ta ƙare, in ya samu hutu za a mayar da ita gida wurin yayarsa. Na san gidan yayar, na san yawan yaran da ke ciki da irin surutunsu, na kuma san ba mai lulluɓa mata mayafi a can. Ko a nan ban iya cewa kada a kai ta ba.

Wata abokiyar aikina 'yar Kafanchan ce ta ga yadda na koma, ta tsare ni a ɗakin shan shayi har na faɗa mata. Ta riƙe baki, ta ce ashe ina da babbar 'ya. Ita ta haɗa ni da wata mata 'yar Zangon Kumasi, wadda nata ɗan ma ya bi ta gaban irin wannan kwamiti shekarun baya, tun daga nan ta mayar da abin aikin Allah, tana raka iyaye wurin zama, tana nuna musu ƙofar da za su ƙwanƙwasa da abin da za su nema. Mace ce mai jiki da murya, Hausarta irin ta can, ƙanwata take ce mini tun haɗuwar farko. Ta zo gidan ta zauna a ƙasa kusa da yarinyar, ba ta taɓa ta ba, ta ɗauki takalmi ɗaya ta miƙa mata ta sa a layi. Sannan ta juyo ta ce in ba ta labarin rana mafi muni da muka taɓa yi da ita. Na ce mu a wajenmu ba a yin haka da ɗan fari. Na zaci ba za ta gane ba, sai ta tuntsire da dariya ta ce su ma a Zango tsofaffinsu suna yi, ba sabon abu na kawo mata ba. Ta ce amma in nuna mata kakar yarinyar a cikin gidan nan. In nuna mata goggo, in nuna mata inna. Ta leƙa kicin da gangan, ta leƙa bayan labule. Ta ce waɗanda suka kafa wannan kunya sun kafa ta ne a gidan da in uwa ta kawar da kai mutum goma za su miƙo hannu, ni kuwa na kwaso kunyar na hau jirgi da ita na bar mutum goman a gida. Na ji haushinta ƙwarai a ranar, har na ƙi raka ta bakin ƙofa. Washegari ni na kira ta.

Ita ta nuna mini cewa ba dole sai shekara ta zagayo ba, iyaye suna iya neman a sake zama in suna da sabon bayani. Ta sa na kai yarinyar wurin likitan da ya dace, abin da ya kamata in yi tun farko da ƙafata. Ta sa na koma tsohuwar makarantar na roƙi malamar ta rubuta abin da ta gani. Ta sa na ɗauki hoton bidiyo a waya lokacin da yarinyar ta rikice, ina ɗauka ina jin kamar ina tona wa kaina asiri. Abu ɗaya ta ce ba za ta yi mini ba: ba za ta yi magana a madadina ba. Za ta zauna kusa da ni, amma bakin uwa suke so su ji.

Ranar zama na biyu Kawu ne ya sake kai mu, don mijina ya riga ya gaya masa. Na yi ta addu'a ya tsaya a mota, amma ina, ya kulle ta ya biyo mu, a ganinsa babba ba ya barin iyali su shiga gaban hukuma su kaɗai. Wa zai ce wa Kawu ya jira a waje? Muka zauna, shi a dama, 'yar Kumasi a hagu. Tambayar farko na ji lafiya lau ta taho har bakin leɓena, sai 'yar Kumasin ta mintsine ni a cinya ta ce yalla, wato maza, ƙasa-ƙasa. Na kafa idona a kan teburi na fara. Na faɗi buga kai da bango, na faɗi shinkafa, na faɗi ƙafafun da suka ƙone, na faɗi mayafin. Na ce wancan karon na san duk wannan na ɓoye. Ina jin Kawu yana gyara zama yana jan carbi da ƙarfi, ban dube shi ba. Sai matar da ta tambaye ni wancan karon ta ce malamai sun rubuta cewa ba ta amsa sunanta a aji, to a gida fa, in na kira ta tana waiwayowa? Na ce ban sani ba, kuma wannan karon gaskiya na faɗa. Na ce ban taɓa kira ba. Suka dubi juna, matar ta ce to in gwada yanzu.

Yarinyar tana can gefe ta ba mu baya, tana jera fensira a kan kujera. Na buɗe baki, murya ta ƙi fita. Na sake, sunan ya fito a shaƙe kamar na baƙo. Sai ta tsaya cak. Ta ajiye fensirin, ta ɗago kai, amma ba ni ta duba ba. Ƙofa ta duba. Ta taka da ƙafafunta masu tabo ta je ta tsaya a bakin ƙofar tana jira a buɗe, don a duniyarta mutum ɗaya ne ke kiran sunan nan da Hausa a cikin ɗaki, kakarta, kuma ta ɗauka ita ce ta zo ɗaukarta. Edita, a nan na manta da Kawu, na manta da kwamiti. Na durƙusa a tsakiyar ofishin mutane na rungume ta ina ta maimaita sunan, ina cewa ni ce, ni ce.

An rubuta mata tsarin. Tsohuwar makarantar ta riga ta ba wani gurbinta, sai wata muka samu mai nisa, amma da malamar da ke zama kusa da ita da mai koya mata magana. Maganar mayar da ita gida ta mutu, mijina bai sake tayar da ita ba. Kawu ya mayar da mu gida fuska a ɗaure, kuma ba a jima ba na fara samun waya daga gida, wai an ji zaman Doha ya cire mini kunya. Na ce a gaishe su. Likitan ya faɗa mini, ni ma na sani, cewa irin waɗannan yara shekarun farko su ne zinariya, kuma na zubar mata da guda cur a bakin taga. Tana magana yanzu, tana karatu daidai gwargwado, amma duk sa'ad da na ga tana fama da abin da ƙaninta ya wuce tuntuni, sai in tambayi kaina ina za ta kai da na buɗe baki tun ranar farko. Wannan tambayar ba ta barina in zauna wuri ɗaya har yau.

Ban rubuto don in zagi al'adarmu ba, ni ma a cikinta na tashi kuma ban tashi a wulaƙance ba. Na rubuto ne saboda 'yan uwana mata da maza da ke zaune a ƙasashen mutane, ko ma a biranenmu inda kowa ya kulle ƙofarsa. In aka kira ku gaban masu duba yaro, ba gaisuwa aka kira ku ba, kada ku kai musu lafiya lau. Abin da kuka faɗa shi za su rubuta, abin da kuka rufe kuma yaron ne zai biya. Ku nemi wanda ya taɓa bin hanyar ya raka ku, kuma kada ku tafi da wanda ba za ku iya magana a gabansa ba, komai girmansa. Kafin ki kawar da kai daga ɗan farinki, ki waiga ki ga ko akwai mai miƙo hannu. In babu, to ke ce kakar, ke ce goggon.

Ba zan rubuta sunanta a nan ba, amma wannan karon ba don kunya ba ne. Ina kiran sa safe da yamma, a gida da kan titi, a gaban kowa. Ta daɗe tana duban ƙofa in na kira. Yanzu ni take dubawa.